Ƙwayoyin Sanƙon da Kake Aiko wa Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki da buɗi a inda kake. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, bakinta kuwa da ma bai taɓa ciwo ba.

Yaya, na ɗauki biro ne na bar waya saboda na san halinka, kafin in kai ƙarshen magana ka mai da ita wasa. Zancen ƙanenmu Auta ne da matarsa. Duk shekarun nan ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kuma kowa ita ya ɗora wa laifi. Ta sha jiƙe-jiƙen Mama har ta rame. Ta je asibiti an duba ta ciki da bai, aka ce lafiyarta ƙalau, a kawo mijin. Gogan naka ya ce shi namiji ne, me za a duba. Shekaranjiya na shiga ɗakinta na tarar ta sauke labule, ta ɗaure keken ɗinkinta da igiya. Ta ce ƙarshen wata za ta koma gidansu, ta gaji da habaici. Wallahi hankalina ya tashi, don yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Ina taya ta kwashe kayan gaban madubi sai na ci karo da kwalaben nan da kake aiko wa Auta duk sanda aka samu mai zuwa, waɗanda ka ce mana na ƙarin jini ne. Ƙarin jini ina! Ka san gidanmu, Baba sanƙo, baffanni duk sanƙo. Auta tun yana makaranta gaban kansa ya fara zaizayewa, amma yau shi kaɗai ke yawo ba hula, yana daɗewa gaban madubi fiye da matarsa, mu kuma muna ta cewa dangin Mama ya biyo. Na kai kwalba ɗaya wurin mai kemis ɗin bakin titi. Ta ce maganin zubar gashi ne, kuma a jikin wasu mazan, in an daɗe ana sha, yana iya raunana maniyyi. Ta ce ba kowa yake yi wa haka ba, da yawa kuma in sun daina abin yakan gyaru, amma sai likita ya gwada shi kafin a ce komai. Ni ma ban ce shi ne ba, Allah ne masani. Sai dai zuciyata ta ƙi kwanciya.

Kuma ba a kan Auta kaɗai ba. Da na dawo na tsaya gaban hotunanka da ke bangon ɗakin Mama. A na aurenka suma ce cike da kai. A wanda kake rungume da 'yan biyu kuwa, kan nan sai ƙyalli yake kamar an shafa mai. Sai na tuna ku ma kun daɗe kuna jira kafin su zo. Na kuma tuna matarka ta taɓa ce min, tana dariya, sai da Yayanki ya haƙura da wani abu tukuna aka samu cikinsu. A lokacin ban gane ba. Yaya, tsakaninka da Allah, ka sani? In ka sani, ta yaya kake naɗe kwalaben nan kana aiko wa ƙanenka, kana jin irin abin da ake faɗa wa matarsa?

In zato na yi maka, ka yafe min. In kuwa gaskiya ne, ka kira Auta ka faɗa masa da bakinka, don ba ya jin maganar kowa sai taka. Ya je a gwada shi. Hula ba ta kashe Baba ba, shi ma ba za ta kashe shi ba.

Ka gaida Anti, ka shafa min kan 'yan biyu. Mama da baban yara suna gaishe ka. Matar Auta ma ta ce in gaishe ka, in yi maka godiyar maganin da kake aiko wa mijinta.

Ƙanwarka,
wadda kuke ce wa Rediyo