Gaz a Kafaɗar Hagu

Miami, watan Agusta

Zuwa ga Kakata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafa, yaya kunne? Ina gaida Kawu Jonel, don na san shi zai karanta miki wannan. Kawu, don Allah ka ɗaga murya, kada kuma ka tsallake komai. Mu lafiya lau, na shiga ajin ƙarshe na sakandare.

Kaka, Mama ce ta rasa sukuni. Kin san aikinta na mataimakiyar jinya a gidan kula da tsofaffi, wanka da ciyarwa da juya marasa lafiya. To, asibitoci biyu sun ce za su horar da irinsu kyauta. Na kusa da mu da yamma ake karatunsa, sai ta ci gaba da aikinta da safe, amma ɗibar jini kawai za a koya. Babban asibitin cikin gari kuwa har da auna bugun zuciya da na'ura, sai dai dole ta ajiye aikinta, ta kuma yi musu aiki shekara biyu bayan ta gama.

Kowa ya san wanda ya fi. Damuwar ita ce Madam Alsindo, wata tsohuwa 'yar ƙasarmu da ke gidan. Tsufa ya ɗauke mata Turanci kaf, Kreyol, yarenmu na gida, kaɗai ya rage, kuma ba mai jin ta a wurin sai Mama. Ran nan na kai wa Mama abinci, tsohuwar ta dube ni ta ce wa Mama, “Mirland, wannan 'yarki ce ko karan rake? Ba kya ba ta abinci ne?” Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da zan tafi ta zaro alewa daga ƙarƙashin matashi ta danƙa mini.

Wata ƙawar Mama a coci ta ce mata, “Uwarki ce? Taki uwar ma kin baro ta can garinku Jeremi.” Ranar ko abinci Mama ba ta ci ba. Ki sa ta a addu'a.

Jikarki,
Widlin

Miami, watan Oktoba

Kakata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Saƙonki ya iso, da burodin cittar da kika aiko. Mama ta ɓoye rabi, wai na ci da yawa.

Ta zaɓi babban asibitin. Da a ce kin gan ta da littattafai! Ta fara koyon allura a jikin lemo, yanzu kuma kullum hannuna take latsawa tana neman jijiya, har a layin mota.

Duk Lahadi bayan coci mukan je wurin Madam Alsindo. Ta rame. Da ta hango Mama sai ta ce, “Mai gudun tsofaffi, yau kin tuna hanya?” Sannan ta riƙe mata zane ta ƙi saki. Wannan makon ta yi ta dafe kafaɗar hagu da muƙamuƙi, tana cewa gaz ne ya hau ya tare. Ma'aikaciyar da ke kula da ita yanzu, mace mai kirki, ta tambayi Mama me take faɗa. Mama ta ce ba komai, gaz ne, iskar nan da tsofaffinmu ke cewa tana yawo a jiki. Ta haɗa mata shayin citta da kanumfari, ta shafa mata mai har ta yi gyatsa ta yi barci.

A hanya Mama ta yi ta dariya, wai ku duka ɗaya ne, don ke ma kin ce gaz ya tare miki a kafaɗa. Allah ya ba ki sauƙi.

Taki,
Widlin

Miami, watan Nuwamba

Kakata,

Ina fata wannan ta same ki lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Madam Alsindo ta rasu kwanaki kaɗan bayan zuwanmu. An ce zuciyarta ce ta tsaya. Mama ta yi kuka, amma ta daure ta koma aji. A makon da ya biyo baya aka fara darasin zuciya. Malamar ta bayyana cewa mata, musamman tsofaffi, ba lallai ne su ji ciwon a ƙirji ba. Yakan fito a kafaɗa, ko muƙamuƙi, ko ya zo kamar kumburin ciki. Mama ta tashi ta fita tun ba a gama ba.

Na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune a ƙasa da kayan asibiti a jikinta. Ta ce, “Widlin, an tambaye ni fa. Tsohuwar ta ce gaz, ni ma na ce gaz. Ni ce bakinta, kuma ni na rufe shi.” Na ce mata da ta zaɓi asibitin kusa, har yau ba za ta san wannan ba, shayin dai za ta ba ta. Ba ta ji ni ba. Alewar da tsohuwar ta ba ni ta ƙarshe tana cikin jakata, na kasa sha.

Mama ba za ta iya zuwa gida yanzu ba, kuma duk lokacin da ta ɗauki waya don ta kira Kawu sai muryarta ta ƙi fita. Shi ya sa ni nake rubutawa. Ban taɓa gaya miki abin da za ki yi ba, kuma ina jin nauyin haka.

Kawu, nan wurin ka maimaita mata shi.

Kaka, ki ajiye shayin. Ki bar Kawu ya kai ki asibiti gobe, a sa miki na'urar zuciya. Idan likita ya tambaye ki me ke damunki, kada ki ce gaz. Ki nuna masa wurin da yatsa.

Jikarki mai jiran amsa,
Widlin