Wata Biyar a Cikin Kwallar Yaya Talatu

Kurfi, 9 ga Afrilu, 1985

Roda, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya fito daga rami!

Na gaji, Roda. Da wannan zan fara, tunda ke kika hana ni kwana-kwana a zance. Shekara uku ke nan da kika naɗe kayan nutsonki kika bar madatsar Zobe, kika koma ɗan jirginki da iska ke turawa, ke kaɗai a kan teku kamar ba ki da kowa. Ni kuwa kina da ni! Katunanki suna zuwa jefi-jefi daga garuruwan da bakina ba ya iya faɗa, ba adireshi, ba inda zan mai da amsa. Wace irin mace ce ke gaisuwa ta wuce tun ba a amsa mata ba?

Kin tuna ranar da aka fara ba ni igiyarki, wai mahaƙin rijiya ya san riƙon rai a hannu? Kika nutsa duba ƙofar ruwa da tulun iska a bayanki, can sai na ji kin ja sau uku. A wurinmu ja uku na nufin rami zai rufta, a fid da ni. A wurinku ashe a ƙara igiya ne. Na fizgo ki kamar guga. Kika fito kina surfa mini zagi da Turanci, ma'aikata na kallo, sannan kika dubi hannuwana da igiya ta saɓule, kika daina zagin. Daga ranar ba ki yarda wani ya riƙe miki ba, ni ma ban sake samun kaina ba.

To ga abin da ya faru, ki karanta a hankali, na san Hausarki ta yi tsatsa. Takardarki ta watan Oktoba, wadda kika ce za ki tsaya Legas kwana ashirin, in zo in ina sonki mu tafi tare, ba ta same ni a gida ba. Kaka ta yi, muna Kuki muna haƙa. Direban da ke kawo wasiƙu daga Dutsin-Ma ranar kasuwa ya miƙa wa Yaya Talatu. Ita ba ta karatu. Ta ga ambulan da hatimi har huɗu, ga zamanin soja, ta ɗauka sammaci ne za a kama mata ƙane. Ta cusa shi can ƙasan kwallarta, ta jera kwanoni a kai, ta kama bakinta, tana yi mini addu'a. Sai watan jiya da ta sauke jere za ta wanke, takardar ta faɗo a gabana.

Wayyo Roda! Wa zan yi wa faɗa? Matar da ta goya ni, ta ɓoye ni daga hukuma iyakar saninta?

Na tafi Legas duk da haka. Kwana biyu a bayan babbar mota, da jakata da sabon takalmi. A bakin tashar jiragen wani tsohon mai gadi ya tuna ki: Baturiyar da ke zama a kan jirginta tana kallon ƙofa, ya ce har kwana uku kika ƙara. Na ga tekun naki. Na ɗiba na ɗanɗana, don haka sana'armu take. Da ni na haƙa na tarar da wannan ruwa, da na cike ramin. Amma na tsaya ina kallonsa har la'asar, na rasa bakinsa na can, kuma na daina ganin laifinki.

Malam Obadiya na gidan waya ne ya rubuta mini bayan ambulan ɗin nan zuwa gidan yayanki a Ingila, adireshin da kika sa a takardarki ta Oktoba. Ban san a wane ruwa za ta riske ki ba, ko a wace shekara. Na daina karɓar aikin rijiyar da ta wuce tafiyar yini daga Dutsin-Ma, kuma kowane mako da ƙafata nake zuwa tambaya. Ban ce ki bar teku ba, ban ma ce ki sake kira ba. Abu ɗaya ne ke hana ni sukuni: kada ki ci gaba da tafiya kina zaton na karanta na ƙi. Ban ƙi ki ba, Roda. Ranakun da kike kallon ƙofar nan, ina zurfin gaba goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa, ina tunaninki.

Naki ne, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, har ranar da wasu za su haƙa mini nawa ramin,

Lado mai rijiya