Fatunka da Shingen Hanyar Gusau

Daga ƙaninka Umaru zuwa ga Yaya Mamman a Ikko. Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya iskar bakin teku? Inna da mutanen Ƙofar Marke duk lafiya.

Bayan haka, Allah shi ƙara wa motar Nasara albarka, sarauniyar sauri! Saboda ita na sallami masu jakuna, na loda fatun awakin da kake jira, ran Juma'a munka nufi tashar jirgin ƙasa ta Gusau.

Kusa da Mafara ruwa ya kece, anka gitta muna itace a hanya. Wai doka ce, mota ba ta taka hanya sai ƙasa ta bushe. Na ba mai gadin shingen goro, ya taune, ya ce, "Malam, rana za ka roƙa." Da ƙasa ta fara tsanewa sai hadari ya sake haɗowa. Kwana uku ina gefen gonar gero, fatu na wari, ba abin yi. Ran Litinin masu jakunan nan sunka wuce, sunka yi mini sannu da hutawa.

Rabin fatun sun ruɓe. A taya mu da addu'a, ka gaishe da uwargida. Sauran, in sake loda su a mota, ko kana son su iso?