Sifirin da Na Shuka a Kwamfutar Hadiza

Daren Talata, 17 ga Nuwamba, 1998

Ni da karambani sai addu'a. Yau na kai wa 'yata Hadiza fura ofishinsu a Tudun Wada, na tarar tana shigar da sunayen manoman rani a kwamfuta. Kowa da ɗan akwatinsa a jere. Wanda aka ba iri an rubuta masa mudu nawa, wanda bai karɓa ba an bar nasa fayau. Sai na ga kamar fangalan noman rani na dam ɗin Tiga, wasu sun sha ruwa, wasu suna jira.

Ta fita sallar azahar. Ni kuwa, gwanin aji huɗu, na tuna malaminmu ya ce inda babu komai a sa sifiri. Da yatsa ɗaya na bi na cike su tsaf. Da ta dawo ta sa na'urar ta ƙirga akwatunan da ke cike, sai ta nuna kowa ya karɓa. Ogansu ya ce a rufe siton iri.

"Baba, me ka taɓa?"

"Taimako na yi, uwata."

"Ai ita ba ta san babu ba! In ta ga rubutu, ƙirgawa take."

Yanzu da na lumshe ido sai in ga sifirai suna yaɗo kamar kabewa har bakin dam, gwanin sha'awa. To amma yarinyar nan aikin gwaji take, ga mutane suna jiran iri. Gobe dole in je in durƙusa gaban ogan nan, yaron da na girmi ubansa, in ce masa ni ne injiniyan.