Ƙorafi Kan Tebura Masu Taya da Hanyar Baba Mai Waya

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Gudanarwa da Jin Daɗin Ma'aikata, Babban Ofis.

Daga: Shugabar Sashen Amsa Tambayoyin Jama'a, Hawa na Biyu.

Kwanan wata: 19 ga Mayu.

Game da: Sabon tsarin kujeru da tebura a sashenmu, da halin da ya jefa mai karɓar wayarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin kaina da ma'aikatan da ke ƙarƙashina. Muna godiya da sabbin kayan ofis da aka kawo mana ranar 3 ga Maris. Suna da kyau, babu mai musu, baƙi har hoto suke ɗaukar su. Matsalarmu da su ita ce ba sa zama wuri ɗaya.

Mai karɓar wayarmu, wanda kowa ke kira Baba Mai Waya, makaho ne. A haka aka ɗauke shi aiki tun kafin in zo, kuma ban taɓa ganin an riƙe masa hannu a ginin nan ba. 'Yarsa takan sauke shi a bakin ƙofa. Daga nan sai ya bi tebur-tebur yana taɓa kusurwar kowanne, yana gaida mai shi, yana tambayar yara da mai jiki, har ya kai kujerarsa. Kusurwoyin tsoffin teburan har sun yi sumul saboda hannunsa. Mu kuma ko kwandon shara ba ma gusarwa sai mun gaya masa. Ba a rubuce wannan yake ba, haka muka tarar, haka muka ci gaba.

Ga ƙorafe-ƙorafenmu:

1. Kowane sabon tebur yana da taya, kuma mai tsara ofis da hukuma ta ɗauko ya ba da umarnin a sauya musu wuri duk ranar Litinin, wai don kada tunanin ma'aikata ya daskare. Ranka ya daɗe, aikinmu shi ne gaya wa mutum inda fayil ɗinsa ya tsaya. Har yau ban gano tunanin da ake gudun ya daskare ba. Bugu da ƙari, ƙafar teburan can ciki take. Sandar Baba sai ta shige ƙarƙashi ba ta taɓa komai ba, gefen teburin kuma ya tarye shi a ƙugu.

2. An ce daga yanzu babu mai teburinsa, kowa ya zauna inda ransa ya kwanta. Ranar 10 ga Maris, Baba ya taɓa tebur a daidai inda mai buga mana takardu ta saba zama, wadda ta dawo daga hutun haihuwa. Ya yi barka, ya tambayi kwanan jariri, ya tambaya ko nono yana isar sa. Wanda ke zaune a wurin sufeto ne daga babban ofis, dattijo mai gemu, kuma ya amsa da cewa da godiya. An yi dariya, Baba ma ya yi. Amma tun daga ranar bai ƙara gaida kowa ba sai an fara yi masa magana.

3. An shimfiɗa kafet mai kauri da ke haɗiye ƙarar tafiya, alhali da takun mutum Baba yake gane wanda ke zuwa. An kuma rataye tukwanen fure daga silin, daidai tsawon goshin mutum. Da na kai maganar ga mai tsara ofis, ya bayyana mini cewa ganin ganye yana ƙara wa ma'aikaci kuzari. Na tuna masa wanda muke magana a kansa. Ya ce zai saba.

4. Wannan bai shafi Baba ba, ni ya shafa. An maye gurbin kujerun baƙi da wasu manyan buhuna masu laushi da ake nutsewa a ciki. Ranar 2 ga Afrilu na zauna a kan ɗaya don in nuna wa na ƙasa da ni misali. Sai da ma'aikata biyu suka ciro ni, a gaban wani bawan Allah da ya zo neman takardun mahaifinsa. Ni uwa ce, har da jikoki. Ba na neman komai a kan wannan, ina dai so ya shiga fayil.

5. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da bai taɓa neman ɗan jagora ba, yanzu a bakin ƙofa yake tsayawa da sandarsa har sai wani ya lura ya kai shi kujerarsa. Na ga kwalbar ruwansa tana komawa gida a cike, na zaci azumi yake yi. 'Yarsa ce ta ja ni gefe ta gaya mini ya daina shan ruwa a ofis, don kada ya buƙaci a raka shi bayan gida. Ta ce a gida ya gaya musu ba shi ya bar ofis ba, ofis ne ya tashi ya bar shi. Wallahi, ranka ya daɗe, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan. Ranar 12 ga Mayu ya miƙa takardar neman ajiye aiki, alhali lokacinsa bai yi ba, kuma muryarsa ce jama'a suka sani idan sun kira mu. Takardar tana gabanka tana jiran sa hannu.

6. Kafin abin ya kai haka, ma'aikatana sun riƙa zuwa da wuri suna gangara teburan su koma inda tsoffin suke, ba tare da kowa ya sa su ba. Sakamakon da suka samu shi ne takardar gargaɗi ta ranar 28 ga Afrilu, wadda ta zarge su da yi wa sabon tsari zagon ƙasa. Ganin haka, ranar Juma'ar da ta wuce na aro sifana daga wurin direba, na jera teburan da ke kan hanyar Baba yadda suke a da, na cire musu tayoyi da hannuna. Na kuma sauke tukwanen furen na kai su bakin taga, inda suka fi samun rana. Babu hannun kowa a ciki sai nawa.

Yau da safe na gaya wa Baba a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya sami kusurwar tebur na farko. Ya gaida mai tebur, wadda ta saba zama a wurin ce kuwa. Haka ya bi su har kujerarsa. Kafin azahar ya sha ruwa.

Don haka ina roƙon mai girma Darakta ya taimaka da abubuwa kamar haka: a janye takardar gargaɗin da aka ba ma'aikatana, a amince teburan da ke tsakanin ƙofa, kujerar Baba da bayan gida su zauna daram inda suke, sauran kuma a yi ta juya su yadda aka ga dama, sannan a dakata da sa hannu a takardar Baba har sai an sake tambayar sa.

Tayoyin suna cikin jakar da ke haɗe da wannan takarda, duk lafiyarsu ƙalau, da kusoshinsu. Da na adana su a durowata, to sabon teburin ba shi da durowa. Idan doka ta ce lallai a mayar da su, ba zan hana ba. Roƙona kawai, wanda za a turo ya zo da safe lokacin da Baba yake shigowa, ya tsaya a gabansa ya gaya masa da bakinsa. Ni ba zan iya ba.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya da basira. A gafarce ni idan na yi tsawon baki.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Shugabar Sashen Amsa Tambayoyin Jama'a