Kalma Ɗaya a Waƙar Baba

Litinin, 25 ga Nuwamba
Madam Tollefson, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis. Bana babu Bikin Kirsimeti, sai "Bikin Lokacin Sanyi". Wasu iyaye sun kai ƙara, wai makarantar gwamnati ba coci ba ce. Ban damu da sunan ba. Amma ta ce waƙar rufe taro ma, a cire "Mai Ceto", wato Yesu. Waƙar da Baba ya rubuta wa makarantar nan, shekara ashirin ina koya wa yara ita. Ta ce, "Verna, kalma ɗaya ce fa." Na ce to. Haka kawai, to.

Lahadi, 1 ga Disamba
Bayan sujada a coci Yaya Dwight ya tare ni wajen shan gahawa, gaban mutane. "Ashe albashi ya fi Baba daraja? Sannu, malamar sanyi." Matan mawaƙa suka yi kamar ba su ji ba. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Laraba, 4 ga Disamba
Na sa "haske" a madadin "Mai Ceto". Ta hau karin daidai, abin haushi. Yara ko a jikinsu.

Talata, 10 ga Disamba
Dwight bai ɗaga wayata ba. Sau uku.

Juma'a, 13 ga Disamba
An yi biki da rana, ɗakin wasanni maƙil, takalma sun jiƙa ƙasa da ƙanƙara. Da muka iso wurin kalmar a waƙar Baba, yara suka ce "haske". Dwight da 'yan cocinmu suka miƙe suka kwarma "MAI CETO", kamar masu jifa. Wata uwa ta ja 'yarta suka fice. Yara suka rikice, na ci gaba da buga fiyano ni kaɗai har ƙarshe. Baba a hankali yake rera wurin nan, kusan raɗa. Ban taɓa jin an zagi mutum da sunan ba sai yau.
Dwight ya rungume ni a ƙofa: "Mun ƙwato miki ita!" Ya ce ya ga bakina na motsi tare da su.

Lahadi, 15 ga Disamba
Bakina bai motsa ba. Ba tsoron Tollefson ba ne. Na nemi kalmar a cikina a lokacin, ban same ta ba, kuma ina jin ta daɗe da tafiya, tun kafin a hana.
An buga ƙararrawar coci ina zaune a gida da kwat ɗina a jiki. Na aika wa Dwight cewa mura ce ta hana ni zuwa.