Takalma a Bakin Ƙofar Tirela

Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, aikin gonar dankali a nan Hokkaido, arewacin Japan, ya karɓe ni.

'Yar tirelar kwanan da na saya wurin tsoho Kuwabara ta zama gida. Na sa mata sola da na'urar ɗumama ɗaki, amma na fi son 'yar kantar takalma da marigayiya matar tsohon ta sa a bakin ƙofa daga ciki.

Abu ɗaya ne dai, kada Mama ta ji. Kullum da safe nakan tarar an juya takalmana suna kallon waje, yadda ake yi wa baƙo. Ni kaɗai nake kwana, ƙofa a kulle. Da na gaya wa tsohon, sai ya yi dariya: "Halin marigayiya ne, ba ta barin baƙo ya sunkuya."

Ki aiko min laya daga wurin ibadar unguwarmu. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi.

Yau da safe kuwa na sami takalman yadda na bar su, na je na gaya wa tsohon. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "To, ta daina ɗaukar ka baƙo."

Ƙaninki,
Tatsuo